Shuɗin da Baba Ya Gani

Litinin, 7 ga Yuli, bayan la'asar

Mun dawo daga asibiti. Na kama hannun Baba za mu sauka daga adaidaita, ya fizge, wai shi ba tsoho ba ne. Ya zurma ƙafa a kwatar ƙofar gida.

Likita ta yi bayani da Turanci, ta sake da Hausa, sannan ta dube ni ko zan juya masa da Yarabanci. Ba harshe ne matsalar Baba ba, ya ji sarai. Idon hagu dai an rufe maganarsa. Na dama, in ji ta, ana iya riƙe shi in suga ya sauka, kuma ba zai sauka ba sai ya koma shan ƙwayarsa. Da ta tambaye shi me ya sa ya daina sha, sai ya yi murmushin nan nasa na ciniki, ya nuna ni: "Ga likitata nan, 'yata Kaosarat. Ita ta gano maganin suga a jami'a, a ganyen sabara."

Kallon da matar nan ta yi mini ba zan rubuta shi ba.

Na ajiye masa ƙwayar a ɗan faranti kusa da butarsa. Bai sha ba.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi, a wurin aiki

Ruwa ya hana masu gwajin jini fitowa. Madam Chinenye, mai ɗakin gwajin nan na Sabon Gari da nake wa aiki, tana can tana waya da 'yarta. Bari in rubuta abin da ya faru bara yadda ya faru, tunda kowa ya riga ya ƙera nasa labarin.

Wata rana Baba ya tambaye ni, wai me nake yi ne a jami'ar nan da digiri na biyu ya ƙi ƙarewa. Tun rasuwar Mama babu wanda ya taɓa tambayata. Daɗi ya kwashe ni. Na ɗauko fararen faranti biyu, na dama sitatin da ake sa wa kayansa, na ɗiga aidin. Duka biyun suka yi shuɗi mai duhu kamar baban rini. Na ce ya tofa yawu a kowanne. Ya yi dariya, ya tofa. Na ce masa akwai wani abu a yawun mutum, enzayim muke ce masa, aikinsa ya farfasa sitati ya mai da shi suga, kuma da zarar sitati ya ƙare shuɗin zai tafi. A faranti na biyu na riga na zuba ruwan sabara. Muka zauna muna kallo. Na farko ya koɗe har ya koma kamar ruwan shinkafa. Na biyu ya tsaya da shuɗinsa, sabara ta hana yawun aiki.

Sai da na ga fuskarsa na tuna wa nake nuna wa. Alhaji Rasheed ne fa, wanda tun kafin a haife ni yake Kantin Kwari, kuma hukuncinsa ɗaya ne a kan kowace atamfa. Zai lashi yatsa ya jiƙa bakin zanen, ya goga a farin hankici. In launi ya fito a hankicin sai ya ce, "A mayar wa mai ita." In bai zuba ba, kayan gaskiya ne, ko waye ya kushe. To ga shi da bakinsa ya tofa, da idonsa ya gani, launi bai zuba ba.

Na gaya masa a ranar. Na ce, "Baba mi, faranti ba cikin mutum ba ne. Ko a ɓera ba a gwada ba tukuna." Ya ce to. Ni ban san "to" ɗin nan na sallamar mai tayin banza ba ne.

Tun daga ranar yake ce mini Dakta.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan magariba

Boda Waliu ya kira daga Ibadan. Yayana ne, don haka na saurara. Bai tambayi lafiyata ba. Ya faɗi magana ɗaya, wai ni na jawo wa Baba ciwon ido, sannan ya kashe waya. Mutumin da ko sunan ƙwayar Baba bai sani ba, wanda sai ya ga hotonmu a waya yake sanin an yi wa falo fenti.

Na tuƙa amala, na yi miyar ewedu. Baba ya ci, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ni na ci nawa a tsaye a kicin.

Bai sha ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, da yamma

Mata biyu suka yi sallama, ɗaya daga layin bayanmu, ɗayar ban ma san ta ba. Wai sun zo a taimaka musu da maganin Dakta. Na ce babu wani magani, su je asibiti. Ɗayar ta dubi tukunyar sabarar da ke tafasa a bayana, ta dube ni, ta ce, "Allah Ya ba da haƙuri, ai mun san abin sirri ne." Yanzu a Fagge ni marowaciya ce kuma.

Na ce wa Baba ya daina tallata ni a kasuwa. Ya ce, "In ban yi alfahari da ke ba, da wa zan yi? Da Waliu?" Na ce ƙwayarsa fa. Ya ce wannan kemikal ce, a masana'anta aka haɗa ta. Na ce, "Baba mi, ita sabarar da me aka yi ta? Rinin atamfofinka fa, a bishiya yake tsirowa?" Ya ce ilimi ya sa na iya musu.

Abin haushin, ya fi yarda da ni a kan ni kaina. Duk abin da na faɗa sai ya ce kunya ce irin ta masu ilimi, ba sa son yabon kansu.

Lahadi, 13 ga Yuli, da safe

Bai sha ba.

Talata, 15 ga Yuli, da sassafe

Na gwada daka ƙwayar in zuba masa a koko. Ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin. "Ni za ki yi wa wayo? Harshena ya girme ki." Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa hula ya fita, ya bar ni da kofin.

Da Mama na nan da kallo ɗaya za ta yi masa ya haɗiye har da farantin. Ni ban gaji kallon ba, bakin kawai na gada.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan azahar

Yau na makara fita, sai na ga yadda yake shan sabarar tasa. Ashe ba zallarta yake sha ba. Yana tsiyaya ta a kofi, ya huda gwangwanin madara ya zuba har ta yi fari. Na ce me ye haka? Ya ce bauri ne da ita, tana ɗaure masa baki, madara ce ke kashe baurin.

Tun daga Fagge har Sabon Gari maganar nan ke yawo a kaina. Baurin nan na san sunansa, tanin ne, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Halinsa ya kama duk abin da yake furotin ya ɗaure, ko fata ce ko harshen mutum. Shi ma enzayim furotin ne. Madara ma cike take da shi. In har madara na kashe baurin, to me kuma take kashewa?

Farfesan da ke duba aikina ya taɓa ce mini in bincika wannan, na ce sai na gama sauran. Ban so in bincika ba ne, ko kuwa lokaci ne babu? Lokaci ne babu. Haka zan bar shi.

Asabar, 19 ga Yuli, da rana, a wurin aiki

Madam ta ba ni kusurwar tebur da kwalaben gwaji, ta ce kada dai in ɓata mata fipet ɗinta na awon ɗigon ruwa. Na jera su: sitati, aidin, enzayim, ruwan sabara. A rabinsu na ɗiga madara kaɗan.

Waɗanda babu madara sun riƙe shuɗinsu, kamar kullum. Masu madara suka koɗe a gabana, kamar ban taɓa zuba musu sabara ba.

Na ce ƙila madarar ce ke shanye aidin. Na gwada ba tare da enzayim ba, shuɗi ya zauna daram. Ba ita ba ce. Na sake da farin ƙwai, haka. Na sake da ruwan wake, haka. Na sake, na sake, har Madam ta leƙo ta ce, "Kaosarat, wetin, me ya faru? Kin ga fuskarki kuwa?" Na ce aikina ne ya mutu. Ta dafa kafaɗata ta ce Allah Zai ba ni wani, sannan ta tambaye ni ko na rubuta sakamakon mutumin nan mai taifot. Mace ce mai kirki. Ba ta san me ya mutu ba, kuma ban iya fara bayani ba.

Ba wani sinadari na musamman na gano ba. Bauri ne kawai, ya rasa abin kamawa a faranti sai ya kama enzayim. Da ya haɗu da abinci zai saki enzayim ya kama abincin.

A hanyar dawowa na buɗe wayata ina neman wanda zan kira. Na bi sunaye daga farko har ƙarshe, na mai da ita jaka.

Litinin, 21 ga Yuli, da yamma

Na je jami'a. Farfesa ya duba hotunan kwalaben, ya gyara tabarau, ya ce, "To ai wannan ma sakamako ne. Ki rubuta shi." Ya ce an sha ganin haka da tsirrai masu bauri, ba a kaina aka fara ba. Ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Shi a wurinsa babi ne da za a sake rubutawa. Ni a gida akwai mai jiran Dakta ta dawo.

Bai sha ba. Ni ma ban faɗa masa ba.

Talata, 22 ga Yuli, bayan la'asar

Ban faɗa ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan magariba

Alhaji Goni ya rako Baba gida, maƙwabcin shagonsa ne, tare suka yi ƙuruciya a Kwari. Wai ruwa ya cika layinsu, shi ya sa ya ce bari su taho tare. Da Baba ya shiga alwala sai Alhajin ya yafito ni zaure. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "'Yata, babanki ya koyi wani sabon wasa. Da mai saye ya zo, sai ya ɗago atamfa ya ce, Goni, bari in gwada idonka na tsufa, wane launi ne wannan? In na faɗa sai ya ce ka ci. Kullum ni nake ci." Ya ja carbinsa. "Jiya ba na nan. Wata ta zo sayen ankon biki, ta ce shuɗi. Da kore ta tafi. Yau ta dawo da su, ta tara masa jama'a."

Na ce ai hasken shagon ne ba shi da kyau. Ya ce, "Haka ne, hasken ne." Ya tafi.

Baba ya fito ya ce me Goni ke cewa. Na ce maganar ruwa ce. Ya ce Goni ya tsufa, surutu ya yi masa yawa. Sannan ya ce, "Dakta, ganyenmu ya kusa ƙarewa, a aika a samo." Na ce to. Ashe ni ma na iya irin "to" ɗinsa.

Juma'a, 25 ga Yuli, da hantsi

Na san dalilin da ya sa na yi shiru, kuma ba kyakkyawa ba ne. Ina son sunan. A gidan nan Waliu ne ɗa, ni ce wadda ta ƙi aure ta tsaya wasa da kwalabe. Ranar farantin nan ce kaɗai Baba ya dube ni ya daɗe yana kallo. In na karɓe shuɗin nan daga hannunsa, ban san abin da zai rage tsakanina da shi ba sai amala da gishirin da bai ji ba.

Amma ido ɗaya ne ya rage.

Faɗa da baki ba zai yi ba, na sha faɗa. Da ido ya saya, sai da ido zai mayar. Na sayo sabon aidin a kemis ɗin bakin titi.

Asabar, 26 ga Yuli, da yamma

Na wanke fararen farantan Mama guda biyu. Na kife su. Na sake wanke su.

Boda Waliu ya turo saƙo: "Ya jikin Baba?" Na rubuta amsa mai tsawo, na goge, na tura masa "Da sauƙi."

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan azahar

An yi.

Na bari sai da rana ta fito sosai, na shimfiɗa masa darduma a tsakar gida inda haske ya fi yawa. Na ce, "Baba mi, zo mu sake gwajin nan namu." Ya taso da murna, har da cewa da na faɗa da wuri da ya kira Goni ya gani.

Na dama sitati, na ɗiga aidin. Na zuba sabara a duka biyun, daga tukunyarsa, don kada ya ce na sauya ganye. Na ce, "Na hannun damanka zan sa masa madara, yadda kake sha." Na sa ya huda gwangwanin da kansa. Ya tofa a wannan, ya tofa a wancan, yana dariya wai ya zama ɗan jami'a.

Muka zauna. Na hagu ya riƙe shuɗinsa. Na dama ya fara sakewa daga gefe, a hankali, har ya tafi gaba ɗaya. Na ƙi cewa komai. So nake ya gani da kansa, ya faɗa da bakinsa.

Ya sunkuya. Ya karkatar da kai ya kawo idon dama kusa da farantin, har gemunsa ya kusa taɓa ruwan. Ya koma kan ɗayan. Ya dawo. Ya ɗaga farantin sama wajen rana, ruwan ya zubo masa a hannun riga bai kula ba. Ya daɗe a haka. Ina jira ya ce bari ya gwada idona, irin wasan da yake yi wa Alhaji Goni. Bai yi ba. Ya ajiye farantin a hankali.

"Dakta."

"Na'am, Baba mi."

"Wane launi ne?"

Mutumin da dillalai ke kawo wa zane daga wani layin don ya raba musu gardama. Ban taɓa jin tambayar nan a bakinsa da gaske ba sai yau. Kuma na gane duk abin da na ce shi ne, ba shi da hanyar ƙaryata ni. In na ce shuɗi ne, zan ci gaba da zama Dakta har ranar da ba zai ga ko fuskata ba.

Na ce, "Ya zuba, Baba mi."

"Duka?"

"Fari fat."

Can ya ce, "To in na daina sa madarar fa?" Ɗan kasuwa dai, sai ya yi tayin ƙarshe.

Na ce, "Da ƙwai ma haka yake yi, da wake ma. Duk abin da ka ci zai kama ya saki aikinsa. A faranti kaɗai yake da ƙarfi. Na gwada har na gaji. Ba magani na gano ba."

Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce kunya ce ta masu ilimi. Sai ya goge hannunsa a gwiwa, ya ce, "Irin atamfar da ke kyau a shago ke nan, ta shiga wanki ta ba ka kunya." Ya juya fuska wajen da tukunyar take. "A mayar wa mai ita."

Ya ce, "Ina abin nan da kike ajiye mini?" Na ɗauko ɗan farantin ƙwayar na ajiye a gabansa. Ya miƙa hannu ya dafa darduma, can gefe. Ya sake lalubawa. Na kama hannun na ɗora a kan ƙwayar. Bai fizge ba.

Na kwashe tukunyar na juye a kwata. Shi kuma ya kunna rediyo, ya zauna da ita har yamma.

Litinin, 28 ga Yuli, da sassafe

Ya sha.

Ranar Laraba za mu koma wurin likitar ido. Ban san abin da za ta ce ba. Ban kira Waliu ba, shi ma bai kira ba.

Bai ce mini Dakta ba yau, tun asuba nake kasa kunne. Da zai fita kasuwa ya tsaya a ƙofar kicin da huluna biyu a hannu, ya ce, "Kao." Mama ce kaɗai ke kirana haka. "Wacce ce shuɗiyar?"

Na sa masa ita a ka, na gyara mata zama, na ɗauko mayafina na raka shi bakin titi.